Tsohon Tom da Jerry ne ya fi ban dariya, ko ni ce na girma?

"Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Zariya. Muna yara idan aka sako Tom da Jerry a talabijin, har mahaifinmu da ba ya son hayaniya yakan tsaya a bakin ƙofa yana murmushi. Yanzu yarana suna kallon sababbin a waya, na sha zama da su amma ko haƙorina ba ya fitowa. Su ma na lura ido kawai suke zubawa, ba sa ƙyaƙyatawa yadda muke yi. Shin girma ne ya zo mini, ko da gaske na da ya fi? Wani ya ce mini kwamfuta ce ta ɓata zanen. Tunda sana'arka ce, don Allah a warware mini."

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko bambancin da kike ji yana cikin fim ɗin ne ko yana cikin shekarunki, sannan idan a fim ɗin yake, mene ne ya ɓace kuma wa ya ɓatar da shi. Girma yana da nasa kaso, wannan ba na musu. Babu abin da za ki kalla yau ya yi miki daɗin da ya yi miki kina 'yar shekara takwas, an gama wanke-wanke, ga wuta an kawo. Sai dai hujja mafi ƙarfi ke kika kawo ta da bakinki, wato mahaifinku. Ai shi ba yaro ba ne a lokacin da yake tsayawa a bakin ƙofar nan. Aikin da aka yi da kyau ne ya tsayar da shi. Ni rayuwata ta sana'a a zane mai motsi ta tafi, tallace-tallace da 'yan gajerun fina-finan faɗakarwa da koyar da matasa, kuma har gobe da waɗannan tsofaffin katun nake buɗe wa sabon ɗalibi darasi. Na da ya fi, kuma ana iya nuna inda ya fi da yatsa. Kwamfuta kuwa an ɗora mata laifin da aka aikata tun kafin ta shigo sana'ar.

Wane "na da" ake nufi?

Sai mun fara bambance aya da tsakuwa, domin hannaye da yawa sun riƙe wannan muzuru da ɓeran nasa. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro su a kamfanin MGM na Amurka. Na farko ya fito a 1940 da sunan Puss Gets the Boot, kuma a cikinsa ma ba a raɗa musu sunayen da muka sani ba, muzurun Jasper ake ce masa. Af, shi sunan Tom ɗin, haka Turawa suke kiran namijin kyanwa, don haka yaran da ke cewa "ita Tom" sai a gyara musu, muzuru ne.

Daga 1940 zuwa 1958 mutanen nan biyu sun yi guda 114, kowanne kimanin minti bakwai. Bakwai daga ciki sun ci kyautar Oscar ta gajeren katun, huɗu a jere shekara bayan shekara. Waɗannan 114 su ne kike tunawa, ko da an gauraya miki su da wasu a talabijin. Ki raba 114 da shekara 18, za ki samu kamar shida a shekara. Ki riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa. Abu na biyu da za ki riƙe: ba don talabijin aka yi su ba, kuma ba don yara zalla ba. A gidan sinima ake haska su kafin babban fim, ga manya zaune sun biya kuɗin tikiti. Wanda zai sa magidanci da ya gaji da aiki dariya a bainar jama'a, dole ya ɗaura ɗamara fiye da wanda aka ce ya riƙe hankalin yaro kafin abinci ya nuna.

Dariyar tana cikin ƙidaya

Fim ɗin sinima yana gudu ne da hoto 24 a kowane sakan. Minti bakwai sakan 420 ne, wato hoto 10,080. Ba kowanne ake yi wa sabon zane ba. Inda motsi yake a hankali akan bar zane ɗaya ya zauna a hoto biyu, inda kuwa ake tsere ko duka, kowane hoto da nasa zanen. Ko ta yaya aka lissafa, dubban zane ne da fensir. Daga nan a kwafe su da tawada a kan wata farar roba mai garai-garai, a juya bayanta a shafa fenti, a ɗora ta a kan hoton falo ko kicin da aka zana daban, a ɗauka da kyamara ɗaya bayan ɗaya. Mata ne galibi suke aikin tawada da fentin nan, kuma da wuya ki ga sunansu a allo.

Mutane idan suka ji wannan sai su ce to shi ke nan, wahalar ce ta sa ya yi kyau. A'a. Wahala ba ta ba da dariya. A wancan zamanin kamfanin Paramount ma yana da nasa muzurun da ɓera, Herman da Katnip, su ma da hannu aka zana su, dukan da ake yi a ciki ma ya fi na Tom muni, amma yau wa yake tuna su?

Sirrin yana cikin yadda Hanna da Barbera suka raba aiki. Barbera ne mai labari da zanen farko, shi yake fito da dabarar muguntar da za a yi. Hanna kuwa shi ne mai ƙidaya. Aikinsa ya zauna da takarda ya yanke cewa wannan motsin hoto kaza zai ci, wannan tsayuwar hoto kaza. Mu a sana'a taimin muke ce masa. Ƙarƙashinsu kuma akwai masu zane da suka daɗe tare suna wannan aiki guda, irin su Irven Spence, Kenneth Muse, Ray Patterson da Ed Barge. Shekara da shekaru suna zana muzuru ɗaya, har suka san shi kamar yadda mahauci ya san gaɓoɓin saniya.

Bari in warware miki duka guda ɗaya, irin wanda kika gani sau ɗari. Tom ya biyo Jerry a guje, ya sha kwana, ashe ɓeran yana laɓe da kasko. Abu huɗu ne suke faruwa, ko da yake ido yana ganinsu kamar abu ɗaya. Na farko yunƙuri: Jerry zai ja kaskon baya, ya gantsare, kamar yadda ɗan dambe yake jan hannunsa mai ɗauri baya kafin ya saki. Wannan shi yake gaya wa idonki inda zai duba, ya sa zuciyarki ta ce wayyo tun kafin a yi. Na biyu dukan kansa, kuma a nan ne sabon ɗalibi yake mamaki, domin dukan bai fi hoto biyu ko uku ba. Ba ki ganinsa sosai, jinsa kike yi. Na uku tsayuwa: komai ya tsaya cak, fuskar Tom ta koma faifai daidai da gindin kaskon, jikinsa yana karkarwa kamar an kaɗa tsirkiya. Na huɗu, abin da ya biyo baya: ya buɗe ido ɗaya, ya kalle mu, ko ya sulale ƙasa a hankali kamar ƙyalle. Idan kika lura da mutane suna kallo, ba a kan dukan suke fashewa da dariya ba. A ɗan shirun nan na uku suke fashewa, lokacin da Tom yake gane abin da ya same shi.

Akwai gwajin da nake yi wa ɗalibaina duk shekara. Zane ɗaya ne, guduma ta faɗo wa mutum a ɗan yatsan ƙafa. Sai in haska musu shi iri uku. A na farko yana ƙwalla ihu nan take. A na biyu sai ya yi tsit na hoto takwas, wato kashi ɗaya bisa uku na sakan, ya sunkuya ya dubi ƙafar, sannan ya ƙwalla. A na uku sai ya yi tsit na sakan biyu cur. Na farko tausayi yake ba su, na uku sai su ɗauka na'urar ce ta maƙale, na biyun ne yake tayar da ajin. Ban canza layi ko ɗaya a zanen ba. Duk wanda ya taɓa kallon marigayi Rabilu Musa Ibro ya san wannan ko bai san sunansa ba: a gaya masa magana, ya yi sororo, ya zaro ido, ya bari sai ta gama shiga jikinsa kafin ya mayar da martani. Da zai amsa da wuri da rabin dariyar ta zube. Hanna da Barbera su ma ba daga sama suka samo ba, sun tashi ne suna kallon 'yan wasan barkwanci na zamanin fim marar magana, irin su Charlie Chaplin da Buster Keaton, waɗanda jikinsu kaɗai suke da shi.

Sai batun nauyi. A tsofaffin nan Tom yana da ƙashi da tsoka. In ya yi tsalle zai lotse kafin ya tashi, ya miƙe a sama, ya sake lotsewa da ya dira, amma yawan jikinsa ba ya raguwa ba ya ƙaruwa, kamar kwaɓin fulawa ne, in kin danna nan ya kumburo can. Saboda kin yarda cewa jikin nan na gaske ne, shi ya sa in ya haɗiye dutsen guga cikinsa ya ɗauki siffarsa abin yake ba ki dariya. Da tun farko jikin nasa kamar hayaƙi yake, da babu abin mamaki. A fina-finan farko ma gashi buzu-buzu gare shi, da ƙafa huɗu yake yawan tafiya kamar kyanwar gida. A hankali suka rage gashin suka tsayar da shi a ƙafa biyu, domin ya yi sauƙin juyawa da sauri. Zuwan Tex Avery kamfanin MGM a farkon shekarun 1940, mutumin da katun ɗinsa suke gudu kamar an kunna musu wuta a bindi, ya ƙara ingiza su. A ganina daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa farkon na 1950 nan ne tuwon ya fi tuƙuwa.

Makaɗin da yake bin ƙafar mai rawa

Kusan babu magana a waɗannan fina-finai, shi ya sa mahaifinku bai buƙaci Turanci ba. Abin da ya maye gurbin magana shi ne kiɗan Scott Bradley. Kowane fim da nasa kiɗan da aka rubuta masa musamman, tawagar makaɗa ta zauna ta kaɗa shi. Kin san bambancin mai kalangun da ya iya da wanda bai iya ba: wanda bai iya ba yana kiɗansa ne mai rawa tana rawarta, wanda ya iya kuwa idonsa yana kan ƙafarta, ta ɗaga ya ɗaga, ta dire ya dire. Haka Bradley yake. Tom yana sanɗa, kowane taku da nasa sautin. Ya gangaro daga bene, kiɗan ya gangaro da shi matakala bayan matakala. Kuma ya san inda zai yi shiru, a daidai tsayuwar nan da na ambata. Shi kuwa ihun nan na Tom mai tsinka zuciya, muryar Hanna ce da kansa aka naɗa.

Inda aka kai ƙarshen gwaninta a wannan shi ne The Cat Concerto, wanda ya fito a 1947 kuma yana cikin bakwai ɗin da suka ci Oscar. Tom ya fito gaban taro cikin kwat, ya zauna gaban fiyano da isa da taƙama zai kaɗa wani shahararren kiɗa na tsohon makaɗin Turai Franz Liszt. Ashe Jerry a cikin fiyanon yake barci, a kan 'yan gudumomin da suke bugun wayoyin. Kiɗa ya tashe shi, rigima ta kaure. Abin da ya sa nake nuna wa ɗalibai shi: duk muguntar da ake yi, tarkon ɓera a kan maɓallai, almakashi, murfi a kan yatsu, kiɗan bai tsaya ba, domin Tom ba zai yarda ya ji kunya a gaban jama'a ba. Kowane duka sai ya faɗo daidai kan bugun kiɗan. A ƙarshe Jerry ya karɓe kiɗan daga ciki yana ta maimaita ƙarshen da sauri, Tom yana bin maɓallai kamar zai mutu don kada a gane, har hannun rigarsa ya yage ya kife a kan fiyanon, ɓera ya fito ya karɓi tafi. Girman kai ne ya kayar da shi, kuma kowa a cikin masu kallo ya san wani mai irin halin.

Wannan ya kawo ni ga abin da ake yawan mantawa. A masu kyau daga cikin tsofaffin nan ba tsere ake yi haka kawai ba, akan kafa doka tun a minti na farko. A na 1940 ɗin an gaya wa muzuru in ya sake fasa wani abu a gidan, waje zai kwana. Nan take ɓera ya samu makami, sai ya dinga jefo kofuna da farantai, muzuru yana cafewa. A Quiet Please! na 1945 kare ne yake son barci, ya gargaɗi Tom cewa in aka tashe shi sai ya feɗe shi. Sai ga Jerry yana sako ƙwayayen lantarki daga sama, Tom yana tarewa da hannu da ƙafa, ba damar ko tari. A Mouse Trouble na 1944 littafin koyon kama ɓera Tom ya saya, yana bi babi bayan babi, kowane babi yana juyewa a kansa. Har bindiga ta aske masa tsakiyar kai, kuma masu zanen ba su mayar masa da gashin ba, da gashin kanti ya ƙarasa fim ɗin. Doka ɗaya ce, kowace mugunta tana hawa kan ta baya, har abin ya kai maƙura.

A nan kuma girman naki ya shigo ta wata ƙofa. Yaro Jerry yake goya wa baya, domin shi ne ƙarami mai wayo, Gizon tatsuniyar. Babba kuwa yakan wayi gari yana tausayin Tom: an ajiye shi ne don ya kama ɓera, in bai kama ba tsintsiya, in ya yi yunƙurin kamawa kasko. Shi ma dai ba waliyyi ba ne, sau da yawa shi yake tsokano rigimar don nishaɗi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ya faru bayan an rufe shago

A 1957 MGM ta rufe sashen katun ɗinta. Talabijin ta janye mutane daga sinima, kuɗin aiki ya hau, kuma kamfanin ya lura cewa in ya sake haska tsofaffin yana samun kusan abin da sababbi suke kawowa. Hanna da Barbera suka buɗe nasu kamfanin suka koma yi wa talabijin aiki. Ki tuna lissafinmu na shida a shekara. Talabijin kuwa kowane mako take son sabon shiri, da kuɗi ƙalilan. Sai suka ɓullo da dabarar rage zane: jiki ya tsaya, baki kaɗai yana motsi, in ana gudu fitila ɗaya da kujera ɗaya su yi ta wucewa a baya sau goma. A 1958 mutanen nan biyu dai suka fito da wasu ɓeraye biyu, Pixie da Dixie, da muzurunsu Jinks. Surutu ya yi yawa, motsi ya yi kaɗan. Gwanayen ba su canza ba, kuɗi da lokaci ne suka canza.

Shi kuwa Tom yawo ya shiga. A 1961 da 1962 an kai aikin birnin Prague na ƙasar Chekoslobakiya ta wancan lokaci, ƙarƙashin Gene Deitch, aka yi 13 da kuɗi kaɗan, a hannun masu zanen da ba su tashi da kallon na asali ba. In kin taɓa cin karo da wanda sautinsa yake amsa kuwwa kamar a cikin rijiya, motsin yana fizge-fizge, wani ƙaton mutum yana jibgar Tom har abin ya daina ba da dariya, to shi ne. Daga 1963 zuwa 1967 Chuck Jones ya yi 34. Shi gwani ne na gaske, zanensa ya fi na kowa tsafta, ya ba Tom gira mai kauri, ya ƙara wa Jerry kunne da ido. Amma nasa sun fi son tsayawa su yi yanga da fuska a kan su yi kokawa, kuma ni ban taɓa jin zafin dukansa a jikina ba. Akwai abokan sana'ata da suka fi son nasa, mun sha musu a kai. Sai 1975 aka dawo da su talabijin a lokacin da tashoshin Amurka suka tsaurara doka kan duka a shirin yara, aka mayar da su abokai suna yawo tare. Tom ya zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. Har ɗan jan laktaye aka ɗaura wa Jerry a wuya, wanda amfaninsa shi ne a raba kai da gangar jiki don a motsa kan kaɗai. A fim ɗin 1992 kuwa har magana da waƙa aka sa su.

Kin ga ke nan gangarowar ta faro ne shekaru da dama kafin kwamfuta ta zama kayan aikin mai zane. Ni da ita nake aiki kullum, kuma ba zan koma roba da fenti ba ko an biya ni. Sai dai tana da wani hali da ya kamata a sani. In ka nuna mata farkon motsi da ƙarshensa, za ta cike maka tsakiyar da kanta, sumul, daidai wa daida. Shi kuwa barkwancin duka ba ya son daidai wa daida, jinkiri yake so, sai fizga, sai tsayuwa. Mai zanen da yake da lokaci zai koma ya ɓata wannan santsin da gangan. Wanda aka ƙure wa lokaci zai bar shi yadda na'ura ta ba shi. Da yawa daga sababbin shirye-shiryen kuma ba a sake zana jikin a kowane hoto, 'yar tsana ce aka haɗa mai gaɓoɓi ana juya ta, shi ya sa kike ganin kamar an yanko su da almakashi. Ni ma ba zan wanke kaina ba. An taɓa kawo mini aikin minti biyar aka ce mako biyu ake so, da kuɗin da bai isa in ɗauki mataimaki ba. Baki da ƙiftawar ido kawai na motsa, na cika sauran da surutu. Na karɓi kuɗina, amma ba na nuna wa ɗalibai shi.

Akwai kuma wata ɓarnar da ta shafi yaranki kai tsaye. Yawancin abin da yake yawo a waya da sunan Tom da Jerry guntaye ne da aka yayyanka aka haɗa. Masu ɗorawa sukan ƙara masa sauri, su datse gefen hoton don ya cika fuskar waya, wani lokaci su cire kiɗan su sa wani, duk don kauce wa masu haƙƙin mallaka. Ko da tsohon ne na asali, in aka yi masa haka an kashe shi: an cire dokar minti na farko, an taɓa ƙidayar Hanna, an kori Bradley. Duka bayan duka ne kawai ya rage, shi ya sa yara suke zuba ido ba dariya.

Inda ba zan yabe su ba

Ba duka 114 ɗin ne lafiyayyu ba. Na ƙarshen shekarun 1950 sun fara nuna gajiya, bangon ya zama fili ba zurfi, ana yawan maimaita tsohuwar dabara. Sannan akwai abin da ya shafe mu a matsayinmu na baƙar fata. Matar nan mai silifa da tsintsiya da ba a nuna fuskarta, wadda Lillian Randolph ta yi wa murya, an gina ta ne a kan yadda fina-finan Amurka na lokacin suke raina baƙar mace 'yar aiki, kuma bayan 1952 ba a sake sa ta ba. Akwai kuma wuraren da nakiya za ta fashe fuska ta koma baƙa da manyan leɓɓa, wanda izgili ne tsagwaronsa. A wasu kwafin an yanke, a wasu an bari da gargaɗi a farko. Ga sigari, ga giya, ga bindiga nan da can. Ko kallon duka yana taɓa tarbiyyar yaro, wannan fagen malaman tarbiyya ne da iyaye, ni mai zane ne, kuma kin fi ni sanin 'ya'yanki. Abin da nake yi a gidana dai shi ne in fara kallon fim ɗin ni kaɗai kafin in kira su. Haka kuma in wani cikin yaran ya ce shi sabon ya fi so, ba gardama, dariya ba a yi wa mutum dole.

In kina son ki gwada maganata, ki nemi cikakke, ba guntu ba, ki duba rubutun farko. In kin ga zakin MGM yana ruri, sannan sunan Hanna da Barbera a matsayin masu ba da umarni, da Scott Bradley a kiɗa, kin samu. Yawancinsu za ki ga sunan Fred Quimby da manyan baƙaƙe, shi ne shugaban sashen har 1955, ba ya zane amma shi yake karɓo kyautar. In kuwa kin ga Tom ya maye gurbin zakin a cikin da'ira yana kukan kyanwa, na Chuck Jones ne. Ki fara da ukun da na warware a sama, Mouse Trouble, Quiet Please! da The Cat Concerto, ki ƙara da Mice Follies na 1954, inda ɓeraye suka cika kicin da ruwa suka daskarar da shi da firji suna zamiya a kai. A talabijin za ki sa musu in da hali, da sauti a buɗe, kada ki ce musu komai, ke dai ki kalli fuskokinsu ki ga a wane wuri suke fashewa.

Bayan sun kwanta kuma, in kina da kwamfuta, ki buɗe ɗaya a YouTube ki tsayar da shi dab da duka. Maɓallin aya yana matsar da hoto ɗaya gaba, na waƙafi yana mayar da shi baya. Ki bi a hankali. Za ki ci karo da zanen da ba ki taɓa sanin yana nan ba: Tom da hannu huɗu ko biyar a hoto guda, ko fuskarsa a shafe kamar an ja tsumma a kan ɗanyen fenti. Da gangan aka yi su, don ido ya ji saurin ba tare da ya gani ba. Daga nan ki ƙirga hoto nawa kaskon ya ci kafin ya sauka, ki kuma ƙirga nawa aka bar Tom a tsaye bayan ya sauka.